Ciwon Fabrairu

Kwalejin Harnett, Indiana
20 ga Janairu, 1952

Yaya Odessa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Mama. Ni dai lafiya lau nake, ki riƙe wannan maganar da kyau.

Wasa goma sha ɗaya muka buga a kakar nan, mun ci tara, kuma ba wanda ya kai ƙanenki zura ƙwallo a kwando. To, wata mai zuwa za mu je Tennessee, su kuwa can sun ce ba sa shiga fili da baƙar fata. Jiya Koci Braddock, mai horar da mu, ya kira ni ofishinsa ya miƙo min bandeji da sandar dogarawa. Wai in naɗe idon sawuna in yi ɗingishi kwana goma, jarida ta rubuta na gurɗe, kowa ya huta da jin kunya. Ashe haka aka yi wa baƙaƙe biyun da suka riga ni, duk shekara. Har suna ɗalibai suka sa wa abin, wai ciwon Fabrairu.

Ya ce, "Lemuel, ai kai yaro ne mai hankali." Na ce masa hankalina bai sauka ƙafata ba. Ba zan ɗaura ba, Yaya.

Naki,
Lemuel

Gary, 26 ga Janairu

Ƙanena Lemuel,

Bayan gaisuwa, Mama na sa maka albarka. Ni kuwa da kana kusa da ka sha ranƙwashi.

Kai yanzu har ka isa ka mayar wa mutumin da ke riƙe da karatunka magana? Ka manta ƙwallon nan ce ke biya maka makaranta? Ranar da ya cire ka daga ƙungiya, ranar za su naɗe maka tabarma. Awa goma nake tsaye kullum ina goge rigunan mutanen da ba su san sunana ba, kuma ban mutu ba. Kai ɗingishin kwana goma ne zai kashe ka? Kaf zuriyarmu ba wanda ya taɓa taka kwaleji sai kai, saura shekara ɗaya da rabi ka fito malami. Don Allah ka ɗaura musu tsummansu, ka ɗingisa, ka karɓo takardarka.

Ina jin tsoro, shi ya sa nake faɗa. Ka ci abinci.

Yayarka,
Odessa

Harnett, 17 ga Fabrairu

Yaya,

Ina gaishe ki. Ki zauna kafin ki karanta.

Na bi maganarki, na ɗaura. Kwana biyu ina jan ƙafa kamar agwagwa, abokan wasana suna sunkuyar da kai in na wuce. A rana ta uku Mama Beulah, tsohuwar da ke dafa mana abinci, ta tare ni da kwanon ruwan zafi da gishiri. Sabuwar zuwa ce, ba ta san al'adar ba. Ta durƙusa da tsufanta tana neman kwance bandejin, tana cewa, "Ɗana, ƙafar nan tamu ce duka, duk cocinmu na yi mata addu'a." Yaya, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da safen tafiya, 'yan wasa na shiga mota, mai ɗaukar hoton jarida na tsaye. Na fito ba bandeji ba sanda, na kwaso jakunkunansu da gudu, na tsallake shingen ƙofar makaranta da su a hannu. Ɗan jaridar ya ce, "A'a, ina ciwon?" Na ce, "Ƙafata ƙalau take, fatata ce ba sa so. Rubuta haka."

Mota ta tafi ba ni, a Tennessee aka cinye 'yan wasanmu da maki huɗu. Koci ya dawo ya sa an kwashe kayana daga ɗakin 'yan wasa. Ranar Juma'a kwamiti zai zauna a kan karatuna. Sun ba ni takarda: in na sa hannu cewa da gaske na gurɗe, zafin ƙuruciya ne ya sa ni surutu, za a bar ni in gama. In na ƙi, in tattara.

Ban sa ba. Ki yi haƙuri, na san wahalarki nake wasa da ita, kuma abin na ci na. Amma ba zan iya ba.

Ƙanenki mai taurin kai,
Lemuel

Gary, 19 ga Fabrairu

Lemuel,

Gaisuwa a taƙaice, don har yanzu haushinka nake ji.

Na ga hoton a jarida. Na yi kuka, na zage ka, na ƙona kwalar rigar wani. Sannan na karanta wa Mama abin da ka faɗa, ta ce in sake karantawa.

Kada ka kuskura ka sa hannu. Na gaya wa uwar ɗakina ba ni zuwa aiki Juma'a, ta ce in na tafi kada in dawo, na ce to. Zan shigo jirgin ƙasa na safe da hular coci, kuma a cikin ɗakin kwamitin zan zauna, su faɗa a gabana. In sun kore ka, ni zan ɗauki akwatinka, ta ƙofar gaba.

Ka tare ni a tasha.

Yayarka,
Odessa