Sabon Murhu Ya Cinye Mana Hira

Malama, ina gaisuwa. Don Allah ki taimake ni da shawara, ko da yake na san idan kin gama karantawa za ki ce tsohon nan daɗi ne ya yi masa yawa. Uwar yarana ma haka ta ce.

Ni tsohon direban babbar mota ne. A kan titi na ƙare ƙuruciyata, yarana suka girma suna ganina jefi-jefi kamar baƙo. Da na ajiye tuƙi sai na tarar duk sun watse, kowa da gidansa da hidimarsa, gaisuwa sai ta waya. Rannan na kai wa mai walda wata tsohuwar gangar mai, ya raba ta biyu, ya yi mata ƙafafu, ya ɗora ragar ƙarfe a kai. Ƙafa ɗaya ta gaza sauran, da bulo nake tokare ta. Na sayo nama da gawayi, na aika wa kowa cewa ƙarshen mako akwai gashi a gidan Baba.

Maganar gaskiya, ban iya hura gawayi ba. Da kwali nake fifitawa, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, ni ina tari, kowa yana hawaye. Kafin garwashi ya yi ja, yunwa ta gama galabaitar da mutane. Amma a cikin jiran nan komai yake faruwa. Babbar 'yata, malamar makaranta, tana yanka albasa tana yi wa kowa gyara. Mijinta, wanda a da ko ido ba ya iya haɗawa da ni, yanzu har gardama yake yi da ni a kan lokacin juya nama. Jikoki su jeru da kwalayensu, rabin iskar ga wuta, rabi ga fuskata. Ita malamar da ƙanwarta sun daɗe ba sa ga-maciji, amma a bakin gangar nan suka shirya, don bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa Baba ƙona nama yake yi. Ban taɓa jin daɗin kushe irin na ranar ba.

Sai ɗana namiji ya dawo daga wurin aikinsa mai nisa. Injiniya muke ce masa tun yana ƙarami, saboda ya taɓa kwance rediyona ya kasa mayarwa. Ba mai magana ba ne. Ya zo gashi sau ɗaya, ya tsaya yana kallona cikin hayaƙi. Mako na zagayowa sai ga mota ta sauke murhun gas, dal a kwali, da murfi da tayoyi, har da agogon zafi irin na gaban mota. Da kansa ya haɗa shi yana gumi, ya gama ya ɗago yana duban fuskata. Na sa masa albarka, kuma har zuciyata na sa.

Malama, murhun nan ba shi da laifi ko ɗaya, kuma damuwata ke nan. Ka murɗa, wuta ta tashi. Nama ya gasu lugub, babu ƙuna, babu toka. Kafin na ƙarshe ya iso, na farko ya ci ya wanke hannu yana lalubar makullin mota. Jikoki ba su da abin fifitawa, sun koma kan wayoyin iyayensu. Surukina ya rasa abin gardama ya koma gaishe ni da sunkuyar da kai. Makon jiya rana ba ta ko yi sanyi ba gida ya yi tsit, daga ni sai uwar yara muna kallon juna. Gangata tana bayan gida, kyanwa ta mai da ita ɗakin kwana.

Idan na dawo da gangar, yaron nan zai ɗauka na raina kyautarsa. Ba zai yi ƙorafi ba, na san shi, janye jiki kawai zai yi, ni kuwa ban same shi yana yaro ba, ba na son in rasa shi yana babba. Idan na yi shiru, taron zai mutu a hankali. Har na yi tunanin in ce murhun ya lalace, sai na tuna wanda ya sayo shi: kafin in rufe baki ya gyara. Yaya zan yi?

Tsohon Direba

*

Baba, na yi dariya, kuma ban ga laifinka ba. Ka gano abin da masu gida da yawa ba su gane ba: nama ne ya kira iyalinka, amma jira ne ya zaunar da su.

Sai dai bari in tsaya wa Injiniya. Ka ambaci tari a wasiƙarka ka wuce, shi kuwa bai wuce ba. Ya ga mahaifinsa a duƙe cikin hayaƙi, bakinsa ya yi nauyi, sai ya faɗi abin da ke ransa da murhu. Yana da gaskiya, ƙirjin dattijo ba wurin ajiye hayaƙi ba ne, kuma ka daure likita ya duba tarin nan.

Batun cewa murhu ya lalace, ka bar shi. Kira ɗanka shi kaɗai, kafin sauran su iso, ka gaya masa abin da ka gaya mini: murhunsa ya cika ƙwarewa, yana sallamar mutane tun ba ka ƙoshi da ganinsu ba. Ba na jin akwai ɗan da zai ji ubansa yana marmarin ganinsa ya yi fushi. Sannan ka kai shi bayan gida ka nuna masa gajeriyar ƙafar nan, ka ce ya duba maka ita. Irinsu idan ka ba su aiki, ka gaya musu kana bukatarsu.

Kada a jingine murhun gas. A fara gasa wa jikoki da masu jin yunwa ɗan abin taɓawa a kansa, ya kuma yi muku rana idan hadari ya haɗo. Babban gashi ya koma kan ganga, amma kwalin fifita ya bar hannunka. Miƙa wa Injiniya da surukinka, kai kuma ka ja kujera inda hayaƙi ba ya zuwa, kana ba da umarni suna musu da kai.

Gargaɗi ɗaya: ƙafar kaɗai za ka ce ya gyara. Idan ya zo da dabarar da gawayi zai kama da wuri, ka ce ya bar muku shi da nawarsa.

A ba kyanwa haƙuri, a gaida Mama. Allah ya ƙara haɗa kanku, ya sa naman ya daɗe bai gasu ba.