Lasifikar Hagu

Zuwa ga Malam, maigidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin yalwar makwanci. Na san babu mai kai maka wannan. Abu ne ya cika mini ciki, kuma kai na saba faɗa wa.

Ka tuna ranar da ka sayo rikoda a Kano, ɗan acaɓa ya ɗauko ka daga Rano har nan Rurum, ka rungume ta, lasifika biyu ɗaure a bayanka? Wuni guda ka yi kana yawo da su a ɗakina. Ka jingina su da bango, ka ce muryar mai karatu ta yi kauri kamar yana magana cikin tulu. Ka kai su kusurwa, ka ce abin ya ƙara lalacewa. Daga baya ka janyo su kamu ɗaya daga bango, ka ɗora kowacce a kan babban gwangwanin madara da ka cika da yashi, ka karkato fuskokinsu wajen bakin gado, inda nake zama.

Sai kwanukan jerena suka shiga rawa. Da mai karatu ya ja murya, sai su amsa masa. Ka nemi in sauke su, na ce sai dai rikodar ta koma Kano. Ƙarshenta ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana cusa tsumma a tsakani, malami guda da rawaninsa! Kullum maganarka ita ce: "Hajara, murya ma tana da wurin zamanta."

Ni kam ban ga amfanin wannan wahala ba, sai da ka ce in zauna in rufe ido. Muryar ba ta fito daga dama ko hagu ba. Daga tsakiya ta fito, daidai inda kake shimfiɗa buzunka in za ka yi karatu.

Bayan na fita takaba, yara suka yi wa ɗakin fenti, suka shimfiɗa sabuwar leda. Sun kyauta. Amma da suka mayar da kaya, sai suka jera lasifikun gefe da gefe a kan kabad, wai sun fi kyau a ido. Na kunna kasetin tafsirinka da ɗalibai suka ɗauka a masallacin unguwa, sai na ji ka can sama kusa da rufi, kamar baƙo. Na kashe.

Malam, kunnena na hagu ya daɗe da yin nauyi, tun zazzaɓin da na yi ina goyon ɗanmu Abba. Kunya ta hana ni gaya maka. Yanzu na daman ma ya fara bin sa, a asibiti sun ce sai haƙuri. Ba kurumtar nake tsoro ba. Tsorona kunnen ya rufe ban sake jin ka a wurinka ba.

Na roƙi Abba, ya sauko da lasifikun, ya nemo gwangwanayen. Ya auna da igiya, nisan kowacce daga bakin gado daidai da 'yar'uwarta, ya zauna ya saurara, ya ce muryar ta zauna cas a tsakiya. Da na zauna, sai na ji ka ta dama, wajen ƙofa, kamar mai shirin fita.

Da ya tafi gona, na tashi da kaina. In janyo lasifikar hagu kusa da ni kaɗan, in zauna, in rufe ido, in sake tashi. Gwiwa na ciwo, ban bari ba, har ka dawo kan buzunka. Wajen jan gwangwanin, ledar ta naɗe, na ɗaga gefenta zan gyara, sai ga da'irar tsatsa a siminti, shatin tsohon zaman gwangwanin, daidai ƙarƙashin inda na tsayar da shi.

Da Abba ya dawo ya saurara, ya ce ai ya karkace, duk karatun ta hagu yake fitowa.

Ashe ka sani, Malam. Duk shekarun nan kana zaune gefena da lafiyayyun kunnuwanka biyu, kana jin karatu a karkace don ni in ji shi a miƙe. Ba ka taɓa ɗaga mini murya yadda zan gane ba. Sai yanzu na lura kullum ta damana kake zama. Na yi kuka, na yi kewarka fiye da ranar da aka fita da kai.

Na hana kowa taɓa lasifikar hagun. Mai shara ma kewaye ta take yi.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya rufa maka asiri yadda ka rufa mini nawa. Ya ara mini sauran jin nan gwargwadon yadda Ya so. In Ya haɗa mu a gidan Aljanna, ko kunnen ya warke, ka zo ka zauna ta damana.

Taka har kullum,
Hajara