Rijiyar da Muka Wuce

Arlit, daren Asabar

A sanar da duniya: na yi tuƙin yini biyu, na ga ƙofar gidan tarihin Agadas. Ƙofa ce mai kyau, da kwaɗonta. Mai gadi ya tafi suna.

Ni na tsara tafiyar daga littattafaina: kwazazzaban duwatsun Ayar, raƙuman dawan da aka zana a dutse, hasumiyar Agadas. Baba bai nemi ko ɗaya ba. Roƙonsa guda, mu tsaya a rijiyar Agali, mai lambun da ke ba shi ruwa zamanin da yake jan kamiyo, babbar motar ɗaukar ma'adinai.

"Isufu, gaisuwa kawai zan yi."

"Baba, za a rufe gidan tarihi. Sai a dawowa."

A dawowa duhu ya yi, yana barci, na wuce.

Yau likita ya saurari ƙirjinsa, ya ce doguwar tafiya ta ƙare masa. Ina jin tarinsa ta bango, ba abin da zan iya. Ƙullin shayi da sukarin da ya saya wa Agali yana nan a mota. Bai yi mini maganarsa ba.

Na yi kuskure. Da na tsaya.