An Ba Ni Kujera Mai Juyawa, An Rage Min Albashi

Assalamu alaikum Anti Ummul-Khairi. Don Allah ki taimake ni da shawara. Na shiga halin da in na gaya wa abokaina dariya za su yi min, in na gaya wa matata kuma ban san abin da zai biyo baya ba. Ki yi haƙuri da Hausata, haifaffen Treichville ne ni, Faransanci ya fi zama a bakina.

Shekara tara ina aiki wurin wani Alhaji ɗan Kano mai shigo da tayal da kayan banɗaki. Aikina fito da kontena daga Por, wato tashar jiragen ruwa: in kai takardu duwan, wato ofishin kwastam, in dawo, in sake komawa, in tsaya a rana har a gama lodi. Da ƙafa nake zuwa daga gida in ɗauki babur ɗin aiki. Ban da albashi akwai firim, ɗan ƙarin da ake ba ni na waya da man babur da ranakun da muka wuce lokaci. Muna ci muna sha, 'yarmu Huda tana makaranta mai kyau.

Sai bara gwiwata ta fara ƙara kamar ƙofar da ta shekara ba mai. Na so a mayar da ni magazar Alhaji, wato babban shagonsa da ke Adjamé, inda ake aiki a zaune. To kin san mu, yaro ba ya tunkarar babba da buƙata kai tsaye, sai na aiki kawuna Sha'ibu, tunda shi ya kai ni wurin Alhaji tun farko. Kawu ya sa babbar riga ya shiga bayan sallar Juma'a, ni ina waje ina gadin takalma. Ya fito fuska a sake, ya ce an gama, har an shafa Fatiha. Ban tambaye shi nawa ba. Daga baya na ji cewa da Alhaji ya ɗauko zancen kuɗi, kawu ne ya tare shi, wai ai yaron ɗan Alhaji ne, duk abin da Alhaji ya yanke daidai ne. Anti, da aljihuna kawu ya yi wannan karamci.

Aka naɗa ni shef, wato shugaban magaza. Aka ba ni tebur, da hatimi, da fanka, da kujera mai juyawa. Ba zan ɓoye miki ba, satin farko na juya sosai. Matata Lailatu ta soya waina ta raba wa maƙwabta, yanzu a kasuwar Treichville Madam Shef ake ce mata, kuma tana amsawa tun kafin a rufe baki.

Ƙarshen wata na buɗe takardar albashi na ga sefa dubu sittin sun ɓace. Firim duka sun tafi, dubu arba'in da biyar, sannan ainihin albashin ma an gutsure masa dubu goma sha biyar, wai matakin sabon aikin daban ne. Ga shi yanzu kullum sai na biya woro-woro, wato tasin haɗaka, zuwa Adjamé, in tsaya a cunkoson Indénié ina kallon Kamilu, wanda ya gaje ni, yana wucewa a kan tsohon babur ɗina yana danna min hon. 'Yan lodi kuma sun ce shef ba ya cin garba, wato dambun rogo da soyayyen kifi, shi kaɗai ranar Juma'a, kwano shida nake saya. Abin da ya fi ba ni haushi, zama ya sa na ajiye tumbi, Lailatu tana shafawa tana cewa alamar ci gaba ce.

Wata uku ke nan ban gaya mata ba. Shaddodina biyu na sayar a ɓoye na cike kuɗin cefane. Yanzu ta samo mana gida mai ɗaki biyu da falo, tana so mu kai kuɗin kamu ƙarshen watan nan. A ofis kuma akanta ya ajiye min takarda in sa hannu cewa na yarda da sabon albashi. Kullum sai in ce na manta tabarau, ni da ban taɓa sa tabarau ba.

Anti, Alhaji yana da hurumin rage min? Wani abokina ya ce in kai shi ofishin sufeton aiki. Amma mutumin nan shi ya biya asibitin mahaifiyata, kuma in na ɗaga murya na kunyata kawu. Tsoro nake ji, wallahi, kuma kunyar Lailatu ta fi tsoron yawa.

Naki,
Shef Mai Kujera, Adjamé

*

Wa alaikumus salam Shef. Na yi dariya a wurin tabarau, sannan na tausaya maka a wurin shadda. Bari mu raba kuɗin nan gida biyu, don ba hukuncinsu ɗaya ba.

Firim na waya da man babur da wuce lokaci na aikin Por ne, ba naka ba ne na gado. A yawancin lokuta irin wannan ƙari yana bin aikin da aka yi shi dominsa. Kai ka nemi inuwa, Kamilu ke shan ranar, ba za a ba ka man babur kana juyi a kujera ba. A nan ban ga laifin Alhaji ba, sai dai in takardar ɗaukarka aiki ta faɗi wani abu daban, don haka ka nemo ta ka karanta.

Dubu goma sha biyar ɗin nan kuwa magana ce daban. A ƙa'idar aiki, ainihin albashi ba abin da mai gida ke taɓawa shi kaɗai ba ne don kawai ya sauya wa ma'aikaci wuri. Sai ma'aikacin ya amince, shi da kansa. Kawu Sha'ibu ba shi ne ma'aikacin ba. Me kake tsammani ya sa akanta ke bin ka da takarda wata uku? Sun san amincewarka ba ta cikin Fatihar nan. Kada ka sa hannu, kuma ka daina ƙaryar tabarau, ka ce kana so ka tattauna da Alhaji tukuna. Za ka iya zuwa ofishin sufeton aiki da takardun albashinka, na da da na yanzu, su yi maka bayani. Tambaya ba ƙara ba ce, ni kuma ba lauya ba ce.

Ina kyautata zaton Alhaji ba mugu ba ne. Ya buɗe baki zai faɗi adadi, aka rufe masa da ladabi, shi kuma ɗan kasuwa ne, bai yi gardama ba. Ka koma wurinsa tare da kawu, don kada dattijo ya ji an tsallake shi, amma wannan karon ka cire takalmanka ka shiga. Ka fara da godiya, ka ambaci asibitin mahaifiyarka, sannan ka faɗi lambobi da bakinka: a mayar da ainihin albashi yadda yake, a duba kuɗin motar Adjamé, a rubuta. Garban Juma'a kuma ka mayar da shi sau ɗaya a wata, ba wanda zai ƙwace hatimin.

Kafin duk wannan, Lailatu. Ka gaya mata yau, kafin ta kai kuɗin kamun gidan da ba za ku iya riƙewa ba. Kana tsoron za ta rasa sunan Madam Shef, ni kuwa ina ganin mijinta take nema ta rasa, wanda wata uku yana dariya da rabin fuska. Sannan in tambaye ka, wa ke wanke maka kaya yana jera su a akwati? Matar da ke ninke shaddodi ta san guda nawa ne. Ta ƙirga tuntuni, jira take ta ji daga bakinka.

Allah ya ba gwiwa lafiya, ya sanya albarka a abin da ake samu, ya raya Huda. Ka gaishe min da kawu Sha'ibu, ka ce masa ranar da za ku koma shi ya riƙe Fatiha, kai ka riƙe maganar kuɗi.

Anti Ummul-Khairi