Hannun da Na Gyara ma Alhaji

Daga Abijan, ran Lahadi

Yaya Yakuba,

Ina gaishe ka. Yaya Inna da Bara'atu? Ruwa ya sauka Badaguishiri?

Ni lahiya lau, amma raina a ɓace yake. Shekara ukku ina ɗaukar ma wani Alhaji jakar sanduna a hilin wasan golf, kullum ƙwallonshi sai ya karkace dama ya shige daji. Rannan na kasa haƙuri, na ce, "Alhaji, in ka ɗaga sanda ta kai sama, wuyan hannunka na hagu yana lanƙwashewa. Miƙe shi."

Ya gwada, ƙwallo ya tahi sak. Abokanshi suka yi dariya, wai ɗan dako ya zama malami. Washegari ya kai ƙarata buro, wato ohishin shugabannin hilin, wai ba ni da ladabi. Ni, Yaya! Suka maida ni yankan ciyawa cikin rana, shi ko ya ci gasa da hannun da na gyara.

Ba komi, ina ci ina sha. Allah ya ba ku damina mai albarka.

Ka karanta ma Inna gaisuwar kawai, ka tsallake sauran.

Ƙanenka,
Rabilu