Kyamarar Ƙanenki Ta Koma Hannuna

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara baki ɗaya. Allah ya yaye miki ciwon gwiwar nan da kika ce yana tashi idan sanyi ya shigo, ya raya zuri'a, ya sa mu gana da alheri. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana nan da ƙarfinta, sai dai kunne da ya ƙara nauyi, ita kuma ta dage mu ne muka koma magana ƙasa-ƙasa kamar masu gulma. Babbar 'yarki ta ci jarrabawa, auta kuma ya fara tafiya, ba abin da ya tsira daga hannunsa a ɗakin nan.

Yaya, na rubuto ne maimakon in kira saboda kin san gidanmu, in na yi tari a ƙuryar ɗaki ana ji a tsakar gida, kuma ƙanenki bai san da wannan takardar ba. Maganar hannunsa ce na dama. Tun bara ya fara rawa. Da fari shayi ne yake ɗan zuba masa a riga, in na yi magana ya ce gajiya ce, wanda ya yini yana koyar da kwamfuta a makaranta, Asabar da Lahadi kuma yana tsaye da kyamara a wurin biki, dole hannu ya yi ƙorafi. Na yarda, don ina son in yarda. Sai da abin ya shiga cikin hoton sannan muka daina yaudarar kanmu.

Wani biki ne ya tona mu. Kin san shigowar amarya ba a ɗaukarta da kyamara a kan ƙafafunta, sai an riƙe a hannu ana tafiya da baya. Da ya dawo ya zauna tacewa, na tsaya a bayansa ina gani: fuskar amarya tana karkarwa kamar ana kallonta a cikin ruwa. Ya yi ta yanke wuraren da suka yi rawa har abin da ya rage bai kai a kira shi bidiyon biki ba. Uwar amarya ta ce kallonsa jiri yake sa ta. Wannan da sauƙi. Wani daga dangin ango ne ya ce ai dama ya lura da hannun mai ɗaukar, irin na masu shaye-shaye ne. Yaya, ƙanenki da ko hayaƙin taba ba ya iya zama kusa da shi! Maganar ta zaga, har Dogo, abokin sana'arsa da suke tura wa juna aiki tun suna samari, ya daina kiransa. Da suka haɗu ya ce masa shi bai yarda da zancen ba, amma masu biki ne suke cewa kar ya turo shi.

Mun je asibiti, an yi gwaje-gwaje. Likita ya ce ciwon jijiya ne, magani yana rage masa gudu amma ba ya tsayar da shi, kuma da sannu zai iya taɓa ɗaya hannun. Ƙanenki ya tambaye shi ko akwai aikin da za a yi masa, ko a nan ko a can wajenku. Likitan ya daɗe yana gyara takardun gabansa kafin ya ce mu dai riƙe magani da addu'a. Maganin kuma barci yake sa shi, ga shi rubutunsa a allo ya fara ƙanƙancewa har yara na cewa ba sa gani. Shugaban makarantar bai ce komai ba tukuna, amma ya fara leƙowa ajin.

To, watan jiya wata maƙwabciyarmu ta ba shi aikin auren ƙanwarta, ina jin don tausayi. Ya ce in shirya in raka shi in ga gari. Muna isa ƙofar zauren taron sai kawai ya rataya mini kyamarar a wuya. Dama yakan koya mini a gida da wasa, ina ɗaukar yara. Jikina ya ɗauki ɓari, na ce ba zan iya ba, ya yi dariya ya ce ai rawar tawa ta tsoro ce, za ta wuce. Haka muka yini, ni a gaba shi a bayana, yana raɗa mini in matse gwiwar hannu a jiki, in riƙe numfashi, in bar taga a bayana, in juya ga tsohuwar can da take share hawaye da gefen mayafi ba wanda ya gan ta. Wallahi Yaya duk abin da ya yi kyau a bidiyon nan idonsa ne, ni hannu kawai na ba da aro. Ranar mun dawo yana ta zolayata, har na ce a raina mun sami mafita.

Ashe ba haka ba ne. Bidiyon ya yi farin jini, aka fara kiran wayarsa ana tambayar matar nan mai ɗaukar hoto. Farko yana amsawa da fara'a. Sai wata hajiya ta kira, wayar a buɗe ina ji, ta ce ni kaɗai take so, kar a haɗo ta da mutumin nan da yake bin bayana yana tare wa baƙi hanya. Ba ta san da shi take magana ba, ko kuma ta sani. Ya ce mata to, in Allah ya yarda, ya tambayi wuri da lokaci, ya yi godiya. Da ya ajiye wayar ya sa hannun a ƙarƙashin cinyarsa ya zauna a kai.

Tun daga ranar magana ta yi masa wuya. Fim ɗin da ya daɗe yana haɗawa a ranakun da babu biki, na tsohon nan mai gyaran agogo a bakin layinmu, fim ɗin da ƙanenki yake cewa shi ne aikin da za a tuna shi da shi, ya rufe shi. Tsohon kullum sai ya tare ni ya tambaya yaushe za a ƙarasa, wai shi fa ba yaro ba ne.

Na ce wa ƙanenki zan kira hajiyar in ce ba zan zo ba. Ya ce kar in soma, albashin makaranta ba ya kai mu tsakiyar wata, kuma kyamara ba ta san mai ita ba. Abin da ban iya gaya masa ba, ke nake gaya wa: na ji daɗin aikin nan, Yaya. Kuma duk lokacin da na ji daɗin sai in ji kamar daga bakinsa na ƙwace. In na je na ƙara masa ciwo, in na zauna yara su rasa. Na juya abin ta ko'ina ban ga inda zai ɓulle da daɗi ba.

Jiya da rana na same shi ya cika batura, ya goge gilasan kyamarar da hannun hagu, ya jera komai a jaka, ya rage tsawon igiyar wuyan daidai ni. Asabar ɗin nan zan tafi ni kaɗai. Tun da muka yi aure Asabar ba ta taɓa samunsa a gida alhali kyamararsa tana wurin biki ba. Abin da nake roƙonki ke nan, ba kuɗi ba, ba magani ba: ki kira shi ranar da hantsi. Kar ki yi zancen hannu, kar ki nuna kin sani. Ki ja shi da hira, ki tsokane shi yadda kika saba, ki yi masa faɗa ma in kin ga dama. Ke kaɗai ce har yanzu yake yi wa gardama da ƙarfinsa.

Ki gaishe mini da maigidan da kyau, da yarana duka, musamman mai sunan Inna, da Gwaggo idan kin leƙa ta. Inna tana gaishe ki, ita ba ta san maganar ciwon ba, kuma ki taya ni rufewa. Ki sa mu a addu'a. In ya ce miki yana da aiki zai kira ki anjima, kar ki ajiye wayar, ba shi da aikin komai.

Taki har kullum,
Matar ƙanenki