Wutsiyar Zaren da Na Bari

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce daga yayanka da ya kwana biyu bai sa ka a ido ba. Ina fatan takardar nan za ta same ka da sauƙin ƙirji, kana numfashi ba tare da shaƙewar nan da ta kore ka daga wurin aikinmu ba. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya ba Inna sauƙin gwiwarta, Ya raya mana 'yan biyunka. Na ga hotonsu da matarka ta turo. Babban ya ɗauko goshinka sak, sai mu yi addu'a kada ya haɗa da taurin kan. Ni ma ina nan kalau, in ban da ciwon bayan da ka sani. Da hannu nake rubutawa, in na gama zan ɗauki hoton takardar in turo maka ta waya, domin in na kira ka dariya kake sa wa a gaba, ni kuma abin da ke bakina yau ba na dariya ba ne.

Maganar Sufeto ce, kyanwar da ka tsinto a bayan sito tana 'yar mitsitsiya, ka raɗa mata wannan suna saboda yadda take zagaya buhuna tana leƙa kowane lungu kamar an aiko ta bincike. Ranar da za ka tafi, yau shekara biyu ke nan, ka riƙe hannuna a bakin ƙofar sito ka ce amana ce ka bar mini kafin ka dawo. Ni da kai mun san ba dawowa za ka yi ba. Ka koma gida ka zauna kusa da Inna, ka yi aure, ka haihu. Ni aka bar ni da keken ɗinkin buhu da ƙurar hatsi da kyanwar da har yau ba ta taɓa amsa kirana ba. Ba ƙorafi nake yi ba, ciwo ne ya mayar da kai, ba son jiki ba. Amma ina so ka san yadda abin yake daga nan inda nake zaune.

Kwanakin baya ta daina cin abinci, sai amai, sai ta shige ƙarƙashin katakon da ake jera buhuna a kai ta ƙi fitowa. Na sa ta a kwali na kai ta wurin likitar dabbobi, wata dattijuwa mai ƙarancin magana. Ta buɗe bakinta, ta ɗaga harshen, ta kira ni in duba. Zare ne ya naɗe a gindin harshen, sauransa ya bi maƙogwaro ya gangara ciki. Ta ce zare a hanji ba ya wucewa kamar abinci, tattare hanjin yake yi yana yanka shi a hankali, kuma in aka ƙara kwana ɗaya ba sai an yi wahalar aiki ba. Ranar aka yi mata tiyata. Da aka gama ta kawo mini abin a faranti, farin zaren buhu, tsawonsa ya kai daga yatsana zuwa gwiwar hannu. Ta tambaye ni wa yake yi mata wasa da zare. Na ce wani ne da ya tafi. Auta, ka tuna lokacin hutun rana, kana kwance a kan buhuna kana jan zare a ƙasa tana bi tana cafka, ina ce maka ka bari kana cewa horon farauta kake ba ta? Kwana uku na yi ina shirya maka baƙar magana a raina, kuma da a lokacin na rubuta, da ba ka karanta har ƙarshe ba.

Aka sallamo ta da ɗinki a ciki da wani abu na roba a wuya, kamar mazurari, bakinsa ya wuce hancinta, don kada ta kai harshe ga ɗinkin. Likita ta ce kwana goma sha huɗu zai yi, kuma duk wanda ya ji tausayi ya cire, shi ne zai kashe ta. Gidan da nake haya ba a yarda da dabba ba, ka sani, saboda haka na gyara mata ƙaramin ɗakin nan na sito da muke ajiye buhunan da ba komai a cikinsu. Dogo, direban motar ɗaga kaya, yana leƙowa ya gan ta ya ce yau Sufeto ta samu ƙarin girma, an ba ta lasifika, sai mu jira sanarwa. Kowa ya yi dariya. Ita kuwa da baya da baya ta riƙa tafiya, tana so ta fice daga abin, har ta dangana da bango ta tsaya cak, kanta a sunkuye. Da ta gwada yin gaba sai bakin robar ya kama ƙafar benci, ta ja, ya ƙi, ta zauna a wurin kusan awa guda ba ta motsa ba. Ban taɓa ganin dabba ta yi shiru irin wannan ba.

Da kaɗan da kaɗan na koyi abin da ba wanda ya gaya mini. Kwanonta mai zurfi ne, robar tana cin karo da gefensa kafin bakinta ya kai ga abincin, sai na samo ƙaramin faranti na ɗora shi a kan bulo, yadda mazurarin zai rufe shi baki ɗaya ta ci a ciki. Ruwa ma haka. Na kwashe duk abin da za ta iya maƙalewa a ciki, na sauke buhunan ƙasa don kada ta yi tsalle ɗinkin ya buɗe, na yanke gefen kwalin yashinta ya zama gajere. Tun da ba ta iya lasar jikinta, safe da yamma nakan jiƙa tsumma da ruwan ɗumi in goge mata fuska da baya, in goge cikin robar inda abinci ke mannewa, in sa yatsa in sosa mata bayan kunne. Ranar farko da na sosa ta lumshe ido ta jingino da kanta a tafin hannuna, robar tana gogar wuyan hannuna. Shekara biyu muna tare, sai da aka ɗaure mata kai ta san da ni. Sau ɗaya na karya dokar likita, na cire mata don ta ci da daɗi, ina tsugune a gabanta. Kafin in ajiye robar a ƙasa ta riga ta lanƙwashe ta kai haƙori ga ɗinkin. Na cafke ta a wuya, na mayar, ban ƙara ba.

Su kuma ɓeraye sun ji labari. Da can sai ka yi wata ba ka ga ko kashinsu ba, yanzu da rana tsaka suke bin saman katako suna kallonmu. Kullum da safe in na buɗe sito sai in tarar da hatsi ya tsiyaye a ƙasa layi layi, in kwashe rabin yini ina faci. Manaja ya kira ni ofis ya ce shi ba ya ƙin kyanwar, ya san aikin da ta yi masa, amma kayan mutane ne a hannunsa. Ya ce zai jira har ranar da za a cire ɗinki, in ta koma bakin aiki shi ke nan, in ba ta koma ba masu zuba guba za su zo, kuma daga ranar ba ta da wurin zama a sito, domin in ta kama ɓera ɗaya da ya ci guba ta gama. Ban ga laifinsa ba. Da ni ne a kujerarsa da ƙila ban jira ko kwana uku ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. A rana ta biyar na lura gefen robar ya fara cin wuyanta, gashin wurin ya zube, fatar ta yi ja. Na ce wannan kam aikina ne. Na yanko ƙyalle mai laushi daga tsohuwar rigata, na naɗe gefen da shi, na ɗinke da allurar faci, ɗinki mai kyau, na gwada yatsu biyu suna shiga tsakaninsa da wuyanta kamar yadda likita ta nuna. Har Dogo ya ce a rayuwarsa bai taɓa ganin lasifika mai kwala ba. Ka san yadda aka koya mana rufe buhu tun ranar farko, ba a yanke zare a gindin ɗinki, ana barin wutsiya kamar tsawon yatsa don mai saye ya samu abin ja ya buɗe. Shekara goma sha ɗaya hannuna yana yin haka ba tare da ya shawarce ni ba. Da zaren buhu na ɗinka, Auta, irin wanda aka ciro daga cikinta, kuma na bar masa wutsiya a ƙarƙashin haɓarta.

Washegari da na zo goge mata fuska na ga babu wutsiyar. Guntun da ya rage a jiƙe yake, bakinsa a tattaune, ɗinkin ma ya warware kamar taku uku, wato abin da ya ɓace ya fi abin da na bari tsawo. Na share ɗakin nan da hannu, na kakkaɓe buhuna ɗaya bayan ɗaya, na tankaɗe yashinta da rariyar hatsi. Ban ga komai ba. Na kira likita na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce guntu irin wannan wani lokaci yakan wuce, wani lokaci kuma yakan tsaya daidai inda aka ɗinke hanjin, kuma ba ta da tabbacin jikinta zai ɗauki yanka na biyu. Ta ce in sa ido a kan cinta da yashinta.

Yau kwana takwas da tiyata. Shekaranjiya ta ci sosai, har na fara sakin jiki. Jiya ta ci rabi. Yau ta sunsuna farantin ta juya, robar ta ture shi daga kan bulon, kuma da hantsi na ga 'yar kumfa a ƙasa kusa da ƙofa. Gobe da sassafe zan kai ta a ɗauki hoton cikinta. Likita ta ce ƙin cin zai iya zama na zaren, zai iya zama na ƙuncin robar kawai, kuma in ta ci wani abu kafin yamma ya zauna, alama ce mai kyau. Shi ya sa nake roƙonka abu ɗaya. Wannan kiran da kake yi mata da harshe lokacin ba ta abinci, wanda na gwada ya fi sau ɗari ba ta ko ɗaga kunne, ka yi shi a waya ka turo mini da zarar ka karanta. Kada ka haɗa da gaisuwa ko barkwanci, kiran kawai, kamar sau biyar. Zan ajiye wayar kusa da farantin.

Laifin zaren farko na ɗora maka, kuma har yanzu ina ganin kana da kaso a ciki, ko da yake ni ne mai barin guntaye a ƙarƙashin keke ban share ba. Amma kai da wasa ka yi, kuma ba ka ga farantin likita ba. Ni na gani da idona, na riƙe shi a hannu, bayan kwana biyar na ɗaura mata irinsa a wuya. In wani abu ya same ta, kada ka ce ciwo ne, kada ka ce ɓeraye ko manaja. Ka ce yayanka ne.

Tun ranar ban ƙara barin wutsiya a buhu ba. A gindi nake datse kowane ɗinki, in tsince guntun in sa a aljihu. Masu saye sun fara kawo ƙara wai sai da wuƙa suke buɗewa, manaja ya yi mini magana sau biyu, na ce masa to. Almakashin yana nan a hannuna.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata ina cin abinci ina kuma shafa maganin bayan, sauran kada ka gaya mata. Ka gaida matarka da 'yan biyu, da Yaya Babba da mijinta, da Kawu in ya sauko daga fushin rashin kiransa da na yi. Dogo yana gaishe ka, ya ce tun da ka tafi ba wanda yake cinye masa abincin rana, abin har ya fara damunsa. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wayata tana kan bulo, na ƙure mata ƙara.

Yayanka,
mai ɗinkin buhu.